Wa Ya Kai Ƙarar Addu'ar Verlon?

Ranar Litinin da safe Verlon Tackett yana cikin loda kulolin abinci a bayan farar motar gunduma aka ce masa shugaba tana kira. Shekararsa goma sha ɗaya a wannan aiki, tun da aka rufe ramin kwal ɗin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki. Yakan ɗauki abincin rana da zafinsa daga kicin ɗin ofishin kula da tsofaffi, ya bi kwazazzaban gabashin Kentucky yana rabawa gida-gida. Gidaje goma sha huɗu ne a hanyarsa. Tun da matarsa ta rasu, waɗannan gidajen ne suke ta da shi daga gado. Bai taɓa makara ba, ba a kuma taɓa kiransa ofis ba sai ran nan.

Shugabar, Kendra Napier, 'yar garin ce. Verlon ya san ubanta, sun sha ƙurar rami ɗaya. Ta je birni ta yi karatu, ta dawo da wata irin magana mai santsi wadda ba ka gane inda ta dosa sai ta riga ta isa. Ta ce ya zauna, ta tura ƙofa.

"Mista Tackett, an kawo ƙorafi a kanka."

"Miya ce ta zube?"

"A'a. An ce kana yin addu'a a bakin aiki."

"Gida ɗaya ne. Gidan Iya Opal. Kin ma sani."

"Da ban sani a rubuce ba. Yanzu na sani."

"Wa ya rubuta?"

"Wasiƙa ce, babu suna."

"Babu suna, kika kuma tsaya karantawa?"

"Dole in karanta. Na kai wa lauyan gunduma. Ya ce motar ta gwamnati ce, abincin na gwamnati ne, kai ma daga ƙarfe tara zuwa biyu na gwamnati ne. In wani ya ja mu kotu, shirin gaba ɗaya zai iya tsayawa." Ta turo masa wata takarda. "Wannan alkawari ne cewa ba za ka ƙara ba. Ka sa hannu kafin Juma'a da yamma, in ba haka ba sai na karɓi makullin. Kafin nan ka dakata. Lauyan ya ce in ka yi shiru na minti ɗaya ba laifi."

"Shiru na minti ɗaya? Mutuwa aka yi?"

Ba ta yi dariya ba. Ya naɗe takardar ya sa a aljihun riga ya fita.

A kicin ɗin ofishin nan ana zunduma ashar daga safe har a kwashe tukwane, ba wanda aka taɓa ba takarda ya sa hannu. Rediyon motar ma yana faɗin abin da ba ya maimaituwa a gaban yara. Duk wannan bai taɓa ta da hankalin lauya ba. Sunan Ubangiji a kan farantin wake ne ya ta da shi. Haka ƙasar ta koma, kuma mu da muke cikinta muna kallo aka kai nan.

Opal Hensley ita ce gida na ƙarshe a hanyar, can inda kwalta ta ƙare. Shekararta tamanin da tara, mijinta ya daɗe da rasuwa, hankalinta kuma ya fara zamewa. In aka ajiye mata abinci aka tafi, sai ta rufe shi ta adana wa mijin, ta manta. Shekara biyu da suka wuce an sami faranti biyar a cikin durowar tufafinta. Tun daga nan ofishin da kansa ya ce Verlon ya riƙa zama har sai ta ci ko rabi ne.

To amma Iya Opal ba ta kai cokali baki sai an yi godiya ga Allah. Kuma a cocinsu, wanda ke kan tudu, mace ba ta ɗaga murya da addu'a in akwai namiji a ɗaki. Ta manta sunan jikokinta, ba ta manta wannan ba. Don haka kullum sai ta haɗa hannuwa ta ce, "Verlon, yi mana godiya." Shi kuma ya tuɓe hula ya faɗi jimla uku ko huɗu, ta ce amin, ta ci. Iyakar laifin ke nan.

Ran nan ya buɗe mata farantin: wake, burodin masara, dakakken dankali da cinyar kaza. Ta haɗa hannuwa.

"Verlon, yi mana godiya."

Ya tuɓe hula, ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Yana jin agogon bango yana tafiya. Da ya ɗago, idonta a buɗe yake, tana kallonsa.

"Maƙogwaronka ne ke ciwo?"

"A'a, Iya. Na yi a zuci."

"A zucinka. To ni in ce amin a kan me? Na san abin da ka faɗa?"

"Ki yi naki a zuci, sai mu ci."

"Kun ɓata da Ubangiji ne, Verlon? Faɗa mini gaskiya, ba zan gaya wa Loretta ba."

Loretta matarsa ce, shekara shida ke nan a kabari. Ya ce ba su ɓata ba. Ya gwada fita baranda don ta yi addu'ar ita kaɗai. Da ya dawo bayan minti biyar ta riga ta rufe farantin, tana neman inda za ta ajiye wa mijinta. Da ƙyar ya lallaɓa ta ta gutsiri burodi sau biyu, tana ci tana waige kamar mai sata.

A hanyar komawa ya fara lissafa mutane. Akwai Sharon, 'yar Iya Opal da ke birnin Cincinnati, wadda ta bar coci tun tana budurwa, ba ta zuwa sai sau biyu a shekara, kullum kuma da gyaran da za ta yi wa kowa. Akwai Tammy Rae, mai dafa abinci a ofis, wadda ta daɗe tana so a ba ƙanwarta tuƙin motar rabon abinci. Akwai ita kanta Kendra: wa ya ga wasiƙar in ban da ita? Sai kuma Doyle Combs, gida na tara a hanyarsa, tsohon soja mai ƙafa ɗaya, wanda ba ya shiga coci ko da gawa ce a ciki, yake kuma kiran Verlon "fasto mai kula" tun ranar farko, saboda kulolin abincin da yake yawo da su.

Talata ya shiga kicin, Tammy Rae da abokiyar aikinta suka yi shiru daidai lokacin da ya turo ƙofa. Ta yiwu maganar miji suke yi. Shi dai ya riƙe abin a ransa. Ta ce masa, "Kawu Verlon, yau ga ƙarin burodi na sa wa tsohuwarka," ya tsaya yana nazarin muryarta, ko da wani abu a ƙarƙashi. A kowane gida ya ajiye abinci sai ya ga kamar an kalle shi fiye da kullum. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ya buɗe baki zai amsa, sai ya tuna akwai mai shara a ɗakin, ya ce na gode kawai. Ya fito yana jin kunyar kansa. Ran nan Iya Opal ta sha shayi mai sanyi, ba ta taɓa farantin ba.

Laraba ya kasa haƙuri. Ya dire wa Doyle abincinsa a kan tebur da ƙarfi har romo ya fantsama.

"A'a, fasto mai kula, yau aljanna ta rufe ne?"

"Kai ne?"

"Ni ne me?"

"Wasiƙar da aka kai ofis."

Doyle ya sa ya faɗa masa labarin daga farko. Da ya gama ji, sai ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai dai sakarai ne, wallahi. Shekara sha ɗaya ina zaginka a gabanka, yau zan koma rubuta wasiƙa a ɓoye? Da ni ne, da manyan baƙaƙe zan sa sunana, in ƙara da lambar soja. Kuma ina ruwana? Ni ban yarda akwai mai sauraro ba, amma in surutunka ne ke sa tsohuwar nan cin wake, ka yi ta yi har da rawa."

"To wa?"

"Ka karanta wasiƙar?"

"Ba ta nuna mini ba."

"Ka tambaya?"

Verlon ya girgiza kai.

"Ka gani? Ku mutanen coci haka kuke. A mare ku, ku tafi gida kuna zargin maƙwabci, ba ku tambayi hannun waye ba. Je ka ce sai ka gani. Kuma gobe ka ce wa Tammy Rae ta rage gishiri, so take ta kashe ni."

Alhamis da sassafe ya tsaya a gaban teburin Kendra ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba. Ta zaro wasiƙar daga fayil ta ba shi, ta ce a nan zai karanta.

Da inji aka buga ta, shafi ɗaya. Wanda ya rubuta ya yi ƙoƙari ya yi magana irin ta lauyoyin birni. Akwai tsarin mulki a ciki, akwai raba gwamnati da addini, akwai 'yancin ɗan ƙasa mai biyan haraji. Verlon yana karantawa yana ganin fuskar Sharon. Sai ya zo layi na biyun ƙarshe: "Ma'aikacin gwamnati ba shi da hurumin jagorantar addu'a a gidan 'Yar'uwa Opal."

Ya sake karanta layin, yana bin sa da yatsa.

A sama, sau uku an rubuta "Misis Hensley". A nan kaɗai hannu ya zame. Wanda ba ya zuwa coci ba zai ce 'yar'uwa ba. Sharon "mahaifiyata" za ta ce. A cocin su Verlon, na bakin gada, da sunan miji ake haɗawa, 'Yar'uwa Hensley. Mutanen kan tudu ne kaɗai suke haɗawa da sunan yanka. Kuma su ne suke cewa "jagorantar" addu'a, don a wurinsu ba kowane namiji ke da wannan izini ba.

Mutanen kan tudu ba su fi ashirin ba yanzu, yawancinsu hannu na rawa. Mai iya buga wasiƙa irin wannan mutum ɗaya ne. Sai Verlon ya tuna wata rana a watan jiya, yana tsakiyar godiya, Coy Hensley ya shigo gyaran famfo. Coy ɗan ƙanen mijin Opal ne, dattijon cocin, mai shagon kayan gini a bakin kasuwa. Ya tsaya a ƙofar kicin da hula a kansa har aka gama, bai ce amin ba.

Bayan ya gama rabo ran nan, Verlon ya ajiye motar gunduma, ya shiga tasa a-kori-kurar ya nufi shagon. Ya sami Coy yana auna wa wani ƙusa. Ya jira mutumin ya fita.

"Ɗan'uwa Coy."

"Verlon. Me za a ba ka?"

Bai mayar masa da "ɗan'uwa" ba. Bai taɓa mayarwa ba ma, sai yau ne Verlon ya lura.

"Kwana huɗu ke nan Iya Opal ba ta ci abincin kirki ba."

"Ayya. Tsufa ne."

"Ba tsufa ba ne. Wasiƙa ce. Wani ya rubuta wa gunduma da bakin arna, amma ya manta ya kira ta 'Yar'uwa Opal."

Coy ya ci gaba da kwashe ƙusa daga kan sikeli, ɗaya bayan ɗaya. Kunnuwansa suka yi ja.

"Mutane da yawa suna kiranta haka."

"Nawa ne a cikinsu ke da injin buga takarda a bayan shago?"

Sai da Coy ya rufe akwatin ƙusar sannan ya ɗago.

"To, tunda ka zo, bari in faɗa maka. Matar nan shekara saba'in tana kan gaskiya. Ba ta taɓa taka cocin da ake kiɗa a ciki ba. Yanzu da hankalinta ya tafi, kullum tana cewa amin a bayan mutumin da baftismarsa ma, wankan shiga addinin, ba mu san da ita ba. Da tana cikin hayyacinta da ba ta yarda ba. Ni ne dattijonta. Ni za a tambaya."

"Me ya hana ka zo ka same ni? Ka san gidana."

"Da ka daina?"

"Da na ce maka ka zo ka yi da kanka. Yanzu ma shi na zo faɗa. Sha biyu saura kwata nake isa. Ka zo kullum ka jagoranta, ni in tsaya a baranda da hulata a hannu."

"Tsakar rana? Lokacin ne magina suke zuwa. Wa zai tsaya mini a shago?"

"To ka aiko wani daga cikinku."

"Duk tsofaffi ne, ba sa tuƙi."

"Wato ba ka iya zuwa, ba ka da mai zuwa, ni kuma kada in yi."

"Ranar Lahadi muna kai mata jibin Ubangiji, gurasar ibada ta coci."

"Litinin zuwa Juma'a fa? Ta ci me, Coy?"

Coy ya shiga goge sikelin, Verlon ya ci gaba.

"Ka san abin da ka yi? Ka ji haushin addu'ata, ka rasa inda za ka kai ƙara sai wurin mutanen da ke jin haushin kowace addu'a. Ka ara bakinsu ka yi magana. Kana tsammanin in sun gama da ni za su tsaya su tambayi wace baftisma ce ta gaskiya? Takardar alkawarin nan direbobi biyar aka ba. Biyu daga ciki 'yan cocinku ne suka haife su."

"Ban ce a kore ka ba. Ca nake za su ja maka kunne ne kawai."

"To je ka janye."

"In na janye, sai an san ni ne."

Wani magini ya shigo yana tambayar siminti, Coy ya juya gare shi da sauri kamar an cece shi daga ruwa. Verlon ya fita. Daga mota ya buga wa Kendra waya ya tambaye ta, in mai wasiƙar ya janye fa? Ta ce ko ya janye an makara, lauya ya riga ya mai da abin doka.

Juma'a abincin kifi ne da koren wake. Iya Opal tana zaune a kujerarta, rigar jikinta ta yi mata yawa a kafaɗa. Da ya buɗe farantin ba ta haɗa hannuwa ba. Ta kalle shi kawai, irin kallon da ake yi wa baƙon da ba a yarda da shi ba.

"Kai ne yaron da ba ya godiya," in ji ta.

Abin ya soke shi fiye da duk abin da aka faɗa masa a makon. Ya leƙa taga. Babu kowa a hanya, babu mota. Sai ya ji haushin kansa da ya leƙa. Ya tuɓe hula.

"Iya, mu yi godiya."

Ya ɗaga murya yadda ya saba. Ya gode wa Ubangiji don abincin da hannuwan da suka dafa shi, ya roƙa wa gidan albarka, cikin sunan Yesu. Ta ce amin da ƙarfi. Ta cinye kifin, ta cinye waken, ta suɗe romon da burodi, sannan ta tambaye shi ko Loretta ta gama ɗinkin labulen.

Ƙarfe biyu ya ajiye wa Kendra takardar a kan tebur, ba sa hannu, ya ɗora makullin a kai.

"Yau na yi addu'a a gidan Iya Opal. Da ƙarfi."

Ta rufe ido. "Mista Tackett, ba wanda ya gan ka. Ban tambaye ka ba. Ka sa hannu kawai, abin da ya faru a ƙarshen kwalta ni ba na nan."

"Wato in yi alkawarin ƙarya, in riƙa yin godiya a sace."

"Ina ƙoƙarin in taimake ka ne."

"Na sani, 'yata. Irin taimakon ne ba na so."

"Ka gano mai wasiƙar?"

"Na gano."

"Waye?"

"Shi ya ɓoye sunansa. Ya zo ya faɗa da bakinsa."

Ta daɗe tana kallon makullin kafin ta ja durowa ta saka shi. Aiki ya ƙare ke nan. Gidaje goma sha uku ya bar su ba sallama, kuma kada wani ya ce abin bai yi masa ciwo ba.

Litinin ta gaba, sha ɗaya da rabi, a-kori-kurarsa tana tsaye a ƙofar gidan Iya Opal. Farar motar ta iso a makare. Crystal ce ke tuƙi, ƙanwar Tammy Rae, da sabon katin aiki rataye a wuya. Da ta gan shi a baranda sai ta tsaya cak da farantin a hannu.

"Kawu Verlon, ba ni na nemi a cire ka ba."

"Na sani. Shigo da shi kafin ya huce."

Ta ajiye a tebur, ta buɗe, ta ja da baya har bakin ƙofa.

"Ni na sa hannu a takardar," ta ce a hankali. "In ina cikin ɗakin aka yi, laifi ne?"

"Ban sani ba. Tambayi lauya."

Iya Opal ta haɗa hannuwa. "Verlon, yi mana godiya."

Ya tuɓe hula ya fara. Crystal tana tsaye a kan dokin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Sai da ta duba hanya hagu da dama, ta duba tagar gidan da ke tsallaken rafi, sannan ta sunkuyar da kai.